Sayen Keke a Jos da Koyon Zama da Motoci a Titi

Abin da nake nema tun farko bai wuce keken da zan hau bayan sallar asuba ranar Asabar da Lahadi in zaga gari jini ya motsa ba, in kuma ƙaramar buƙata ta taso, sayen biredi ko kai saƙo unguwar da ke kusa, in je in dawo ba sai na tayar da mota ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kowa ya san abin da tayar da mota ya koma. Ga shi aikina na zama ne, daga kujerar shago sai sahun masallaci, gwiwa har ta fara nauyi. Rabona da keke kuwa tun ina sakandare, lokacin da ake aikena kasuwa a kan Phoenix ɗin mahaifinmu.

Ban fara da kasuwa ba. Wurin wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu na fara zuwa, don mai sayarwa kekensa yake son ya fita, shi kuwa mai gyara shi ake kawo wa keken in ya lalace, ya san wanda ke dawowa kullum da wanda sai an shekara ba a gan shi ba. Muka gaisa, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Bai tambaye ni nawa nake da shi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ina za ka riƙa zuwa da shi?"

Na ce, "Baba, cikin gari ne kawai, sai ɗan wajen Lamingo ko Rayfield in an samu sarari."

Ya ce, "To ai ka gama magana. Jos ba Kano ba ce. Nan in ba hawa kake ba, to gangara kake. Giya da birki za ka saya, sauran duk ado ne."

Gaskiyarsa. Garin nan yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere da muke hangowa daga gabas sun haura mita 1,800, kuma titunanmu a kan wannan hawa da saukar aka shimfiɗa su. Mai mota ba ya jin tudu, taka totur kawai yake yi. Sai ka hau keke za ka gane cewa hanyar da ka shekara ashirin kana bi kana ganinta a miƙe, ashe hawa ce.

Daga nan muka bi kekunan da ke kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Zuciyata ta fi karkata ga irin na iyayenmu, baƙin nan mai ƙafa inci 28 da birkin ƙarfe da kariya mai ɗaukar buhu, su Raleigh da Phoenix da Hero. Raleigh asalinsa na Nottingham ne a Ingila, kuma kamfanin ya taɓa samun masana'anta a Kano. Phoenix na Sin ne, Hero na Indiya. Keke ne mai ƙarko, kowane mai gyara a ƙauye ya san cikinsa, kayan gyaransa ba sa yankewa. Har yau ina ganin girman manomin da ke ɗora masa kayan gwari ya shigo da shi Farin Gada. Sai dai giyarsa ɗaya ce, ga nauyi, birkinsa kuma in ruwa ya jiƙa rim ɗin ƙarfe sai ya yi ta santsi kafin ya kama. Ga wanda ya haura arba'in yana son hawan nishaɗi a gari mai tudu, rabin tafiyar turawa zai yi.

Sai keken Japan, wanda ake shigowa da shi na hannu, mai kwando a gaba da madigadi da murfin cen da fitilar da taya ke ba wuta. Wannan ya burge ni ƙwarai, musamman da yake ba shi da dogon ƙarfen tsakiya, mai kaftani zai hau ba sai ya tattare riga ba, mace ma haka. Da a Kano ko Maiduguri nake, shi zan ɗauka ban ko waiwaya ba. Amma yawancinsu giya ɗaya ne ko uku, an kuma ƙera su daidai jikin mutanen can, mai tsayi gwiwarsa ta yi ta dukan kan keke. Keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai ko tsayawa a kansa ba mu yi ba. Ramin titi ɗaya ya isa ya fasa masa tif, ga zaman sunkuyo da bayan magidanci ba zai jure ba.

Abin da ya rage shi ne keken hawan dutse mai ƙafa inci 26, da ɗan'uwansa mai tayar da ba ta kai tasa kauri ba, wanda aka yi don kwalta da hanyar burji. A nan ne Baba ya ja mini kunne a kan abin da ya fi ruɗar masu saye, wato sababbin kekunan nan masu ƙyalli da shokazoba gaba da tsakiya, masu arha. Ya nuna mini wani da aka kawo masa, fentinsa ko ƙwarzane babu, amma giyar ta daina shiga, hannun birkin roba ne yana lanƙwasa in an matsa. Shokazobar tsakiyar nan a keke mai arha nauyi kawai take ƙarawa, kuma duk taka fedar da ka yi sai ta shanye wani ɓangare na ƙarfinka, keken ya yi ta lilo maimakon ya ci gaba. Shawararsa ita ce in nemi ɗan Kwatano mai kyau wanda aka ƙera da gaske, ko da fentinsa ya koɗe, mai giyar kamfanin Shimano, mai birkin waya da robar da ke kama rim. Birkin faifai mai aiki da mai yana da kamu, ba a musu, amma ranar da ya yi yoyo sai ka zaga gari kana neman wanda ya iya shi. Robar birki kuwa ko'ina akwai, kuma da kanka za ka iya canzawa.

Na roƙe shi ya raka ni, na biya shi kuɗin yininsa. A cikin duk abin da na kashe, wannan ne kuɗin da ya fi yi mini amfani.

A shagunan masu kekuna na cikin gari na ga yadda ake duba keke. Ba ya kallon suna ko launi. Firem yake fara bi da yatsa, musamman wuraren da aka haɗa ƙarfe da ƙarfe, ƙarƙashin kai da wajen feda, yana neman tsaga. Inda ya ga sabon fenti a wuri guda sai ya tsaya, don sau da yawa walda ake rufewa. Yakan ja baya ya kalli keken daga gefe ya ga ko fok ɗin gaba ya koma ciki, alamar an taɓa yin karo da shi ke nan. Ya ɗaga gaba ya juya wili ya sa ido a tsakanin rim da robar birki, in yana kaɗawa hagu da dama to rim ya karkace. Ya kama wilin ya girgiza shi gefe da gefe, in ya ji ƙwas-ƙwas boris ya ci. Ya matse birkin gaba ya tura keken gaba da baya don ya ji ko wuya na motsi. Ya ja cen daga jikin babban faranti, in ya taso har ana hango haƙora to ya miƙe, kuma cen da ya miƙe yakan cinye haƙoran giya, sai an canza su tare. Wani keke da na so ƙwarai a kan ƙarfen sirdi muka bar shi: tsatsa ta riƙe shi, ba ya hawa ba ya sauka, kuma keken da ba za a iya daidaita sirdinsa ba, ba naka ba ne ko da kyauta aka ba ka.

Har da ɗan mayen ƙarfe a aljihunsa. In ya manne a firem, ƙarfe ne, in bai manne ba alminiyam ne. Alminiyam ya fi sauƙin ɗauka kuma ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, amma in ya tsage ba kowane mai walda ne zai iya masa ba. Ƙarfe kuwa ko a bakin titi a gyara maka. Ni na ƙarfe na ɗauka, don ba bene nake hawa da shi ba.

Batun girma shi ne inda na ga mutane sun fi sakaci. A gabana wani ya saya wa ɗansa keken da yaron ko ƙasa ba ya taɓawa, wai ya girma da shi. Baba ya sa na tsaya keken na tsakanin ƙafafuna, tafin ƙafa duka a ƙasa, ya duba ya ga akwai sarari kamar faɗin yatsu uku tsakanina da ƙarfen tsakiya. Sannan na hau, ya riƙe ni, ya ce in ɗora diddige a kan feda in kai ta can ƙasa. In ƙafa ta miƙe sak a haka, to sirdi ya yi daidai, don in ka koma takawa da gaban ƙafa gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, yadda ake so. Yawancinmu muna sauke sirdi ƙasa don mu riƙa dafa ƙasa muna zaune, kuma wannan shi ke kawo ciwon gwiwa da saurin gajiya a kan tudu. Kan keken ma ya ɗaga mini shi yadda zan zauna kusan a miƙe ina ganin gabana.

Akwai wani abu da ban taɓa ji ba sai ranar, kuma ina ganin duk mai sayen keken hannu ya kamata ya sani. Kekunan da suka fito daga Ingila da Japan, hannun dama ne birkin gaba. Na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa hannun hagu ne. Tunda kasuwarmu ta haɗa duka, sai ka matsa ka gani da idonka kafin ka hau. Wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi a gangara yana zaton na baya ne, ta saman keke zai wuce. Haka bawul ɗin taya, iri-iri ne. Na zaɓi mai irin na mota, don kowane mai faci a bakin hanya zai iya ba ni iska.

Muka yi ciniki, aka yi albarka, aka sake taya wa, har muka daidaita a kan wani mai giya 21, uku a gaba bakwai a baya. Na sa aka rubuta mini rasit da lambar firem, wadda ke buge a ƙarƙashin keken wajen da feda ke juyawa, na kuma ɗauki hotonta a waya. Satar keke ba baƙon abu ba ne, kuma ba na son wata rana a tare ni a ce na wani ne. Tayoyin da ya zo da su sun tsattsage saboda daɗewa a ajiye, muka canza su da masu ƙananan haƙora, tunda yawancin tafiyata a kwalta ce. Aka sa sababbin wayoyin birki da roba, aka wanke boris aka sa giris.

Wanda zai sayi keke ya ware wani abu daga kuɗinsa don abin da ke biyo baya: ƙararrawa, farar fitila a gaba, ja a baya, makulli, famfo, kayan faci, madigadi saboda damina, da hular kwano. Hular kam sabuwa na saya. Abin da ke kare kai shi ne soson da ke cikinta, kuma bugu ɗaya mai ƙarfi yake ɗauka, bayan nan ya gama aiki ko da bayanta na sheƙi. Ta gwanjo ba ka san abin da ta gani ba. Tana zama daidai ne a saman gira da kamar yatsu biyu, a ɗaure igiyar a ƙarƙashin haɓa. Na san yadda ake kallon babban mutum da hular kwano a kan keke a unguwanninmu, wasu har tambaya suke ko gasa za ni. Ina sa tawa, hular zanna kuma tana cikin jaka in na isa in ɗora. Ƙafar wando ta dama ina ɗaure ta da roba don kada cen ya cafke ta. Babbar riga da keke kuwa ba sa haɗuwa.

Kafin in shiga titi na nemi littafin ƙa'idojin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, na karanta abin da ya shafi masu keke. Ba a neman lasin tuƙi a wurin mai keke, ko da yake Baba ya ce a zamanin En'e har lamba ake yanka wa keke. Rashin lasin nan ne, a ganina, ya sa muke ɗaukar keke kamar ba abin hawa ba, alhali dokar da ta hau kan mai mota ta tsayawa a danja, da bin umarnin jami'in da ke ba da hannu, da bin hannun da ya dace, duk ta hau kan mai keke. Littafin ya kuma hana keke hawa manyan hanyoyin nan na gudu da ake kira ekspres.

Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun watan Afrilun 1972, don haka mai keke ma dama zai bi, yana tafiya tare da motoci. Wannan ita ce ƙa'idar da na fi ganin ana karyawa, kuma masu karya ta suna da hujjar da ke kama da hankali, wai gara ka ga motar da ke zuwa da a zo maka ta baya. Lissafi bai goyi bayansu ba. In mota na gudun kilomita 50 a awa kai kana 15, kuna tafiya hanya ɗaya, da bambancin 35 take cim maka, direba na da lokacin ganinka ya kauce. In kuwa fuskantarta kake, 65 ke nan kuke tunkarar juna. Ban da haka, direban da ke fitowa daga layi zai shiga titi hagunsa yake kallo, inda motoci ke tahowa. Kai da ka ɓullo masa ta dama ba ya cikin lissafinsa sam. Duk lokacin da na ga yaro ɗan makaranta yana gangarowa Bauchi Road ta hannun da ba nasa ba, wani ma da silifas yake taka taya a madadin birki, sai gabana ya faɗi. Ba laifin yaran ba ne, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu.

Abu na biyu da ya ɗauke ni lokaci shi ne inda zan tsaya a kan titin. Tsoro yakan sa mutum ya manne da bakin kwalta, nan kuwa yashin da ruwa ya kwaso yake taruwa, nan kwalabe suke, nan kwata take a buɗe. Kuma in ka manne, kamar ka ce wa direba ga hanya ne, sai ya wuce ka yana gogar kafaɗarka. Na koyi barin kamar mita ɗaya tsakanina da gefen titi, haka ma tsakanina da motocin da aka ajiye, saboda ƙofar da za a iya buɗewa ba zato. Ina tafiya a miƙe, ba na kutsawa tsakanin motocin da ke fake in sake fitowa. Masu Keke Napep su ne abokan zaman da sai an yi haƙuri da su, fasinja na ɗaga hannu za su yanko gabanka su tsaya cak. Ba na bin bayansu kurkusa, yatsuna biyu kullum suna kan birki, idona kuma na kan mutanen da ke tsaye a bakin titi, don hannunsu ne ke gaya mini abin da mai Napep zai yi.

Tirela da tifa kuwa babu wasa. A Zaria Road da wajen Farin Gada ba ka rasa su. Ba na taɓa shiga tsakanin babbar mota da gefen titi, ko da tsaye take a danja. In za ta yi kwana dama takan fara buɗewa hagu, sai ka ga fili ka ɗauka hanya ce, sannan ƙafafun baya su yanko ciki su rufe wurin. In ba ka ganin madubin direba, shi ma ba ya ganinka. Ina tsayawa a baya in bar ta ta tafi. Yaran da ke kama jikin tifa ta ja su a kan tudu, iyaye da malamai su taimaka su hana, rami ɗaya ko birki ɗaya ya isa.

Ba da hannu sai da na koma filin ƙwallon wata makaranta na koya, don sakin hannu ɗaya da waiwaye ba tare da keken ya karkace ba abu ne da ke son sabo. Ka waiga tukuna, sannan ka miƙa hannun hagu in hagu za ka, na dama in dama za ka, ka mayar da hannu kan keke kafin ka shiga kwanar. Na lura direbobin Jos da yawa suna ragewa in sun ga hannu a miƙe da wuri, musamman in kun haɗa ido. Abin da ke ba su haushi shi ne wanda ya faɗo musu ba sanarwa. A shataletale wanda ke ciki shi ke da hanya, daga hagunka zai zo, sai ka jira. Amma a manyan mahaɗu masu cunkoso irin su Terminus da British America, ko inda zan tsallaka tagwayen hanya in yi hagu, sauka nake in tura keken in haye kamar mai tafiya a ƙasa. Minti biyu ne, kuma ban ga abin kunya a ciki ba.

Kada a ɗauka duk nauyin a kan mai keke yake. Titunanmu ba a yi su da tunaninsa ba, ba layin da aka ware masa. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawan keke, mota ta ture shi a Abuja yana kan kekensa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, jami'ai kan fito su yi zagaye a ranar, amma abin da muke buƙata shi ne a gyara kafaɗar titi, a rufe kwatoci, a koya wa masu neman lasin tuƙi su ba mai keke tazara in za su wuce shi. Gari mai sanyi irin Jos, inda za ka yi tafiyar awa guda da safe ba ka jiƙe da gumi ba, ya fi ko'ina cancantar wannan.

Gangara ita ce jarrabawar ƙarshe. Birki biyu ake kamawa tare, a hankali, a ɗan ja jiki baya a kan sirdi. Na gaba shi ke da yawancin ƙarfin tsayarwa, na baya shi kaɗai jan taya yake a ƙasa. A doguwar gangara ana kamawa ana saki, ba a riƙe shi tun daga sama har ƙasa rim ya yi zafi. A rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. A hawa kuma a sauya giya tun kafin tudun ya ci ƙarfinka, kana taka feda sannu, don giya ba ta shiga in an danne ta da nauyi. Da damina, wajen Yuli da Agusta, nakan ninka tazarar da nake bari, in hadari ya haɗo kuma in nemi rumfa, don ruwan Jos wani lokaci har da ƙanƙara. Da hunturu matsalar hazo ce da sanyin da ke sandarar da yatsu, sai safar hannu da riga mai ɗaukar ido irin ta ma'aikatan titi, fitilu a kunne ko da gari ya fara wayewa. Ba na sa komai a kunne, don kunne ne ke gaya mini abin da ke bayana. Waya tana aljihu da lambar 122 ta jami'an kiyaye haɗurra, kuma kafin in fita ina gaya wa maiɗakina hanyar da zan bi.

Yanzu mun zama 'yan ƙungiya kaɗan daga unguwa, muna fita hanyar Lamingo ko mu miƙa Rayfield wajen tsofaffin tafkunan haƙar kuza, ɗaya bayan ɗaya muke jerawa in titi ya matse. Kafin kowace fita ina matsa taya, in gwada birki, in duba cen. Adadin iskar da taya ke so a rubuce yake a gefenta. Bayan 'yan makonni na mayar wa Baba keken ya ƙara ɗaure wayoyin birki da na giya, don sababbi sukan saki, ya kuma hana ni zuba wa cen baƙin man inji, wanda ke tara ƙura ya cinye haƙora. Mai mara kauri ake ɗigawa, a goge ragowar da tsumma. Babbar 'yata ta matsa ita ma a saya mata nata, mai ƙafa inci 24 muke nema, ranar Asabar mai zuwa zan kai ta a auna ta a kai, kuma sai ta iya waiwaye da ba da hannu a filin makaranta kafin in bar ta ta hau kwalta.